Sharar Da Muka Aika Wa Koci Dung

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ranka ya daɗe shugaban wannan ƙungiya tamu ta 'yan Arewa masu wasan raket, Dakta Muntaka; ranki ya daɗe uwar ƙungiya, Mama Edna, wadda ta riga yawancinmu zuwa ƙasar nan, ta kuma riƙe mu kamar ita ta haife mu; Malam Liman Misbahu da Fasto Kenneth, waɗanda suka buɗe mana zama da addu'a; iyayenmu maza da iyayenmu mata; 'yan tanis, 'yan badminton, da 'yan sikwash ɗinmu su bakwai da kullum suke ƙorafin an manta da su, to yau ban manta ba; waɗanda suka sha cunkoson titin 95 tun daga Woodbridge, da maƙwabtana na Clinton, da masu masaukinmu na nan Upper Marlboro; da 'ya'yanmu da ke can kujerun baya, masu jin Hausa su amsa da Turanci, ku ajiye wayoyin nan, yau maganar ta shafe ku: assalamu alaikum warahmatullah, salama a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, ko da yake ina jin kafin in sauka wasu za su yi nadamar ba ni ita. Ina godiya ga matan da suka tashi tun asuba suna suyar waina, da mazan da suka jera kujeru, da duk wanda ya bar aiki ko ya yi musayar ranar aiki don ya zo. A takardar tsarin taro an rubuta a gaban sunana: jawabin godiya da rahoton tafiya, minti bakwai. Godiya kun ji ta, ta ƙare ke nan. Rahoton ne zai wuce minti bakwai, kuma ina neman afuwar mai riƙe da agogo tun yanzu.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Tayyiba, ni ce mai kula da kayan ƙungiya. Duro huɗun nan shuɗaye da kuke gani a bayana, an ɗaura musu ƙyalle ana jiran shugaba ya yanka, a garejina suka shekara. Duk abin da ke cikinsu ta hannuna ya shiga. Ku riƙe wannan, domin duk zafin da za ku ji a bakina yau, kaina na fara ɗora wa.

Shekara huɗu da suka wuce, a filin da muke wasa ranar Asabar, aka ajiye kwandon tara tsofaffin ƙwallaye don a kai su inda ake niƙa su a sake sarrafawa. Muka dubi juna muka ce, haba, yaya za a niƙe abin da yaranmu na gida ba su da shi? Kada a zubar, a aika gida. Wallahi ranar da muka yi wannan shawara na koma gida ina jin daɗin kaina. Mama Edna ta haɗa mu da wani malamin wasanni a wata makarantar sakandare a Bukuru, kusa da Jos, sunansa Dung, yara na kiransa Koci. Shekara ashirin da biyu yana koyarwa a makarantar nan. Filin tanis ɗin da suke da shi, shi da ɗalibansa suka share shi, suka zuba jar ƙasa, suka daɓe ta, suka ja layi da farar ƙasa. Sau uku muna aika masa kaya. Sau uku yana turo mana bidiyo, yara sun jeru suna cewa sun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma muna tafi.

To ga magana ta farko, abin da na gani da idona.

A watan Agusta na je Kaduna sunan jikar yayata, ƙungiya ta ce tunda na isa can, in ƙarasa Bukuru in kai wa Koci allon yabo, in ɗauko hotuna. Na je. Ruwa ake yi kamar ba za a daina ba. Bawan Allahn nan ya tarye ni da lema tun daga bakin ƙofa, matarsa ta aiko da gwate mai zafi, ya zagaya da ni filin yana nuna mini inda ya yi magudanar ruwa da hannunsa. Amma na lura duk sanda na nufi bayan ɗakin ajiya, sai ya sha gabana ya ce, "Hajiya, ta nan ya fi, can akwai laka." Azahar ta yi, na karɓi buta na zagaya don in yi alwala. A nan na ga abin da yake ɓoye mini.

Jama'a, tsibi ne. Tsibi ya kai ƙirjina. Ƙwallaye ɗaruruwa, gashinsu ya zube, wasu sun tsage sun riƙe ruwan sama, tsutsar sauro na wutsil-wutsil a ciki. Raket karyayyu, wasu babu wuya, wasu babu mariƙi. Igiyoyin raket sun cukuikuye, na ga kaza tana ɗingishi da su a ƙafa. Ƙwallayen badminton babu gashi ko ɗaya, sai gindin. A gefe ga baƙin tabo a jikin bango, inda suka taɓa gwada ƙonawa, hayaƙin ya shiga aji biyu, yara suka yi ta tari har shugabar makaranta ta hana. Kuma a jikin kusan kowane raket, ga 'yar takardar nan mai ɗauke da sunan ƙungiyarmu da tutoci biyu, wadda ni da kaina na raba wa kowa ya liƙa wa nasa.

Na juyo, ga Koci a bayana, lema a hannu, kansa a ƙasa. Na ce, "Koci, mene ne wannan?" Ya ce, "Hajiya, ai waɗanda suka gaji ne." Na ce, "A hannun yaranka suka gaji, ko a gajiye suka zo?" Ya ce, "Hajiya, kyauta ce. Ba a cewa komai a kan kyauta."

Na ce ya fito mini da abin da ya rage na duron bara, muka zauna a baranda muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. A cikin raket sittin da huɗu da muka aika, goma sha ɗaya ne suka isa da lafiyarsu. Sauran duk da tsaga, wata a fili, wata siririya kamar gashi, sai ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar ta mutu. Na ce, to me ya hana ka kiran 'yan gwangwan su kwashe? Ya yi 'yar dariya ya ce ya kira. Ɗan gwangwan ya zo da kurarsa, ya tsince raket shida na alminiyam, irin na da, waɗanda maƙera ke narkarwa su yi tukunya. Sauran na zamanin nan, baƙin haɗin nan mara nauyi da muke alfahari da shi, ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa a ƙasa, ya ajiye. Ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, ba roba ba ce, ba ya narkewa, ba ya ruɓewa, ko kyauta ba ya so. Ku ji fa! Mutumin da sana'arsa ita ce tsintar abin da kowa ya yar, shi ma ya ƙi kayanmu. Wannan shi ne abin da muka ɗaura wa ƙyalle, muka yi masa addu'a da harshe biyu, muka kira shi sadaka.

Magana ta biyu, yadda aka yi haka ta faru, domin babu wanda ya zauna a cikinmu ya ƙulla mugunta.

Kunya ce, 'yan'uwa. Kunyar nan tamu da muke yabon kanmu da ita. Babba ya yi fakin a ƙofar gidana, ya fito da baƙar leda a ɗaure ya ce, "Hajiya, ga ɗan abin da ya samu." Ni kuma in rusuna in karɓa da hannu biyu in ce Allah ya ƙara arziki. Wace ce ni da zan kwance ledar likita a gabansa? Sau ɗaya na gwada. Na fara kwancewa ke nan, wani dattijo, ba zan kama suna ba, yana zaune a nan, ya ce, "A'a, Hajiya, bincike ake yi? Mun zo filin jirgi ne?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗaure ledar, na jefa a duro, ban sake buɗe ta kowa ba har yau. Ni na ji kunyar dubawa, Koci ya ji kunyar faɗa, kaya suka yi ta wucewa a tsakaninmu shekara uku.

Amma kada mu ɗora komai a kan kunya, domin akwai abin da ya fi ta muni. Mun san abin da muke sakawa a ledar nan. Wallahi mun sani! Wa ya taɓa saka raket ɗin da yake wasa da shi? Wa ya taɓa buɗe sabon gwangwanin ƙwallo ya juye a duro? Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan ba a zubar da abu, sai ɗakunanmu na ƙasa suka cika da tarkace, maigida na mita, uwargida na mita. Duron ƙungiya ya zo ya raba gardama. Ka rabu da shararka, ɗaki ya yi fili, sannan a kira sunanka a taro a tafa maka, har ka sa ran lada a lahira. Ina aka taɓa samun garaɓasa irin wannan?

Kuma ku dubi yadda muke a ƙasar nan. Ranar kwasar shara, kowa ya zama ɗalibi mai ladabi. Mu ɗauraye kwalba, mu ninke kwali, mu ware wannan daga wancan, don kada a liƙa mana takardar gargaɗi a jikin kwando maƙwabta su gani. A nan muna tsoron takarda. Da aka ce gida za a kai, sai muka ce a zuba kawai, ai za su yi dabara. Za su yi dabara! Kullum su ne masu dabara. Wace dabara yarinya 'yar shekara goma sha biyar za ta yi da raket ɗin da wuyansa ya tsage? Da na dawo ina ba da labari, Injiniya Nasir, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya ce mini ai Jos a kan tudu take, ƙwallo ya fi tashi a can. Injiniya, ina girmama karatunka, amma ƙwallon da ya mutu a Maryland, ko saman dutsen Shere ka hau da shi ba zai tashi ba. Na sake su da hannuna a filin Koci, faɗuwa suke yi kamar ɗanyen tumatir.

Magana ta uku ita ce ta hana ni sukuni, kuma saboda ita na ƙi yin jawabin da aka rubuta mini.

Kun tuna ranar da za mu rufe duron bara? Mai hoto ya duba ya ce bakin duron bai yi kyau ba, duk ledoji ne. Wani ya ce a ɗan ɗora masu kyau a sama don hoto ya fito. Muka ruga motocinmu, kowa ya ɗauko raket ɗinsa na wasa, masu sheƙi, muka jera su a bakin duro, muka tsaya a baya muna murmushi. Aka ɗauka. Kowa ya ɗauke abinsa ya mayar mota. Aka sa hoton a shafin ƙungiya, aka rubuta a ƙasa: kayan da muka aika wa yaran Bukuru. Mun ɗauka mu kaɗai ke kallon shafin nan. Ashe mutanen Bukuru ma suna da waya.

Akwai wata ɗalibar Koci, sunanta Chundung, ita ce ta fi kowa iya wasa a makarantar. A gasar makarantu ta bana ta kai zagaye na kusa da ƙarshe, ta ɗaga hannu za ta buga, raket ya rabu biyu, tsinin ya yanke ta a tsintsiyar hannu, aka yi mata ɗinki biyar. Mahaifiyarta, mai sayar da dankali a kasuwa, ta ji an ce baƙuwa ta zo daga Amurka, ta bar rumfarta ta zo cikin ruwa ta same ni a barandar nan. Ba ta zauna ba. Ta miƙo mini wayarta, ga hotonmu, ga ni a tsakiya da farin mayafi ina washe baki. Ta sa yatsa ta ce, "Madam, wannan farin, ina yake? Wannan mai ruwan ganyen fa? Wannan jan, ina yake? Tunda kayan nan suka zo 'yata ba ta taɓa ganinsu ba. Koci ya sayar da masu kyau a Jos, ya bar wa 'ya'yanmu karyayyu."

Jama'a, jan nan nawa ne. Yanzu haka yana cikin but ɗin motata a waje.

Na ce mata, "Maman Chundung, wallahi Koci bai ɗauki komai ba. Masu kyau ɗin ba su taɓa barin Amurka ba. Abin da kika gani a bayan ɗakin nan, shi muka aiko." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke baƙuwarsa ce, kin ci abincinsa, dole ki rufa masa asiri. Mutane masu ilimi, likitoci, su ɗauki shara su sa a jirgin ruwa, ta ƙetare teku wata biyu, don kawai a zo a zubar a Bukuru? Mahaukata ne su?" Har yanzu da nake tsaye a gabanku ina neman amsar tambayar nan tata.

Iyayen yara sun rubuta takardar ƙara. Shugabar makarantar, Madam Olive, ta kira ni ofishinta ta nuna mini. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis ta sama, kwana goma sha biyu daga yau. In suka tabbatar da zargin, za a sallami Koci Dung a matsayin wanda ya ci amanar yara, saura shekara uku ya yi ritaya, a garin da aka haife shi, inda 'ya'yansa ke zuwa makaranta, inda yake karanta Littafi a coci ranar Lahadi. Filin da ya daɓe da hannunsa kuwa, an riga an fara maganar mayar da shi wurin ajiye motocin malamai. Na ce, "Madam, ai ga ni, na ba da shaida." Ta ce, "Hajiya, ni na yarda da ke. Amma iyaye suna da hoto, ke kuma baki kawai gare ki. Ki kawo mini takarda daga mutanen da ke cikin hoton nan, da sunansu da sa hannunsu, su ce raket ɗin nasu ne, sun ɗora sun ɗauke. Ban da wannan, ba ni da abin da zan kare shi da shi."

Ranka ya daɗe shugaba, ka san na kawo wannan magana zauren shugabanni tun makon da na dawo. Ka kuma san amsar da aka ba ni. An ce zai ɓata sunan ƙungiya. An ce muna da baƙi da ke tallafa mana, kada su ji. An ce a rubuta cewa wasu daga cikin kayan sun lalace a hanya. A hanya! Teku ce ta tsaga su? Teku ce ta zare jan raket daga duro ta mayar da shi but ɗin motata? Da girmanka da komai, ranka ya daɗe, ba zan sa hannu a ƙarya ba, kuma ƙaryar ma ba za ta fisshe shi ba, domin tambayar matar nan tana nan: ina masu kyau ɗin? Wane suna ne muke tsoron ɓatawa? Namu, da za mu ji kunyar mako biyu mu koma wasanmu na Asabar? Ko nasa, da za a bi shi da shi har kabari, a bi 'ya'yansa da shi? Malam Liman, Fasto, ku ne masana. Ku gaya mana a wane littafi aka halatta mutum ya yi shiru ana kiran wani ɓarawo a kan abin da ke cikin motarsa.

Magana ta huɗu, abin da nake roƙo, domin ban hau nan don in yi faɗa in sauka ba.

Ina roƙon kada a yanka ƙyallen nan. A kwance shi, a kifar da duro huɗun nan a tsakiyar ɗakin nan, yau, a gaban kowa, kafin a buɗe kular abinci. Duk ƙwallon da aka saki daga saman kai bai taso ya kai ƙugu ba, ya mutu. Duk raket ɗin da aka ƙwanƙwasa aka ji tsaga, ya mutu. Babu na likita, babu na injiniya, babu na Hajiya. Daga yau duk wanda ya kawo mini leda, a gabansa zan kwance ta, in ya ce bincike ake yi, in ce masa ƙwarai kuwa.

Abin da ya mutu a nan zai zauna, domin a nan ne ake da injinan da za su iya da shi. Ƙwallaye su koma kwandon nan da muka raina, a niƙa su a yi shimfiɗar filin wasa da ta wurin horar da dawaki. Mama Edna ta yi shekara talatin tana aikin jinya, ta san ana sa su a ƙafar abin dogarawar tsofaffi, malaman makaranta kuma suna sa su a ƙafar kujeru. Karyayyun raket mu nemi masu karɓarsu a nan, in mun samu alhamdu lillahi, in ba mu samu ba mu jefa a kwandon shararmu da hannunmu, mu ji ciwon abin, wataƙila ya sa mu daina sayen sabo duk bazara don kawai launi ya canja. Yawancin raket ɗin da muke ajiyewa ma lafiyarsu lau, igiya ce kawai ta saki. Ɗan ƙungiyarmu Alexander yana da injin ɗaura igiyar raket a gidansa, ya ce a shirye yake ya gyara duk mai lafiya kafin a aika shi. Ya kuma ce, ni ma na ce, abin da ya kamata mu aika tun farko shi ne injin irin wannan da naɗin igiya, Koci ya koya, ya koya wa manyan ɗalibansa, raket ɗaya ya yi shekara goma yana aiki. Wannan shi ne abu ya zagayo ya sake amfani. Kakata tana yin haka tun ba a ba shi suna da Turanci ba: zane ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya tsufa ya zama gammo, gammo ya zama tsumman goge murhu. Amma ban taɓa ganin ta naɗe tsumman ta aika wa maƙwabciya a matsayin kyauta ba. Tsibin da ke bayan ɗakin ajiyar nan kuma namu ne, mu za mu nemi yadda za a kwashe shi, kada mu bar wa makaranta.

Sai takarda. Ga ta nan a hannuna, layi shida ce. Ta ce raket ɗin da ke cikin hoton namu ne, mun ɗora don hoto mun ɗauke. Ta ce yawancin abin da muka aika ya riga ya lalace tun a nan, kuma mun sani. Ta ce Malam Dung bai ɗauki ko igiya ɗaya ba. Ta nemi gafararsa, da ta Chundung, da ta iyayen yara. Mu goma sha tara ne a hoton, na ƙirga mu goma sha bakwai a ɗakin nan.

Da safen nan, ina ɗaura ɗankwali zan fito, wayata ta yi ƙara. Koci ne. Madam Olive ta gaya masa abin da nake shirin yi. Na ɗauka zai yi murna. Ya ce, "Hajiya, don Allah kada ki yi. Mutanen nan suna can wata duniya da hidimarsu, amma suka tuna da mu. Kada ki tsayar da su a gaban jama'a saboda ni. In an kore ni, ina da gona a ƙauye, zan koma noma. Ki gaishe su, ki ce mun gode."

Kun ji. Ya ce in gaishe ku, na isar. Mutumin nan ya yarda a kira shi ɓarawo a garinsu, ya rasa aikinsa da filinsa, don kada mu, mu da muka aika masa shara, mu ji kunya na yini ɗaya a ɗakin haya a Upper Marlboro. Na ce masa, "Koci, ka yi haƙuri, wannan karon ba zan ji maganarka ba."

Mai hoto, matso kusa, wannan ma ka ɗauka ka sa a shafin. Ga sunana a layin farko, ga sa hannuna. Zan ajiye takardar da biron a kan teburin shugabanni, ni kuma zan tsaya a gefenta har sai mutum na ƙarshe ya taso.

Allah ya wanke Koci Dung a idon mutanen garinsu, ya bar masa aikinsa da filinsa. Allah ya warkar da hannun Chundung ya mayar da ita wasa. Allah ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi da ganganci, ya ba mu ƙarfin halin tashi daga kujerun nan. Allah ya albarkaci iyayenmu da 'ya'yanmu, ya zaunar da ƙasarmu da wannan da muke baƙunta lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Ranka ya daɗe shugaba, kai ne a damana a hoton, ga biro.

Na gode.